Marvel ta gama yayi ne, ko da sauran numfashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago a Zariya, ina cajin waya ina kuma tura wa mutane fina-finai. A da, duk ranar da sabon fim ɗin Marvel ya shigo hannuna ko abincin rana ba na samun sararin ci, samari ne ke layi kowa da memori a hannu. Yanzu kuwa fassarar Indiya da na Koriya da masu dogon zango na Hausa ake nema, in ma an tambayi na Marvel to tsofaffin ne. Sai kuma na ji wai Iron Man da ya mutu zai dawo, amma a matsayin bos. Don Allah Malam, kamfanin nan ya mutu ne ko da sauran numfashi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da kasuwa. Ka ga ko sisin kwabo daga shagonka ba ya isa aljihun Disney, uwar kamfanin Marvel, amma abin da ka gani a bakin teburinka shi ne dai abin da akantocinsu ke gani a takarda. Marvel ba ta mutu ba, komai ramar giwa ta fi kwando goma. Abin da ya mutu shi ne zamanin da jan tambarin nan kaɗai ya isa ya cika silima, ko wane ne jarumin, ko mene ne labarin. A ganina wannan zamanin ba zai dawo ba.

Bari in fara gyara maka batun Iron Man. Ba shi ne zai dawo ba, ɗan wasan ne, Robert Downey Jr. A watan Yulin 2024, a babban taron masoya littattafan zane da ake yi duk shekara a San Diego, wasu mutane suka hau dandamali sanye da koren alkyabba da fuskar ƙarfe, ɗaya daga ciki ya cire tasa fuskar, sai ga Downey. Zai fito ne a matsayin Doctor Doom, sarkin wata ƙasar almara mai suna Latveria, babban abokin gabar Fantastic Four tun 1962. Ka riƙe wannan a ranka, don amsar tambayarka tana cikin dalilin da ya sa aka koma aka ɗauko shi.

Mutane kan manta cewa Marvel ta taɓa ganin rana. A 1996 kamfanin ya karye har ya shiga kotun masu bashi, kuma a shekarun nan na babu ne ya rabu da 'yancin yin fim da manyan jarumansa: Spider-Man ya tafi Sony, X-Men da Fantastic Four suka tafi Fox. Da suka yanke shawarar yin fim da kansu, a 2005 sai da suka ciyo bashin dala miliyan 525, suka ba da ragowar jaruman jingina. Ke nan da an faɗi, da har Captain America ya zama na banki. Iron Man ya fito a 2008 ya ciyo kusan dala miliyan 585, shekara ta zagayo Disney ta saye kamfanin a kan dala biliyan 4.

Dabarar da Kevin Feige, shugaban sashen fim na Marvel, ya zo da ita, in ka duba da kyau adashi ce. Kowane fim zubi ne. Ka kalli Thor, an ɗan leƙo maka wani dutse. Ka kalli Guardians of the Galaxy, an nuna maka Thanos, babban bos ɗin labarin, a kan kujera. A zauna har sunayen ma'aikata su gama wucewa don a ga ɗan guntun da aka ɓoye a ƙarshe. Shekara goma sha ɗaya mutane suna zubi, sai a 2019 aka yi kwasa da Avengers: Endgame, wanda ya tara kusan dala biliyan 2.8. A tsakiyar wannan adashin babu wanda ke son ya tsallake zubi. Shi ya sa a 2014 fim ɗin da jarumansa suka haɗa da wata 'yar dabba mai kama da muzuru riƙe da bindiga da wata bishiya mai tafiya da kalma uku kawai ta iya, jaruman da kusan ba wanda ya san su, ya ciyo sama da dala miliyan 770. Shi ya sa Captain Marvel, da aka saka tsakanin Infinity War da Endgame, ya haura biliyan 1.1.

To amma kai ma ka sani, ranar da aka yi kwasar ƙarshe kowa na da damar cewa shi ya fita, ba zai shiga sabon zagaye ba. Endgame ya ba mutane wannan ƙofar a buɗe. Tony Stark, wato Iron Man, ya mutu, Natasha, wato Black Widow, ta mutu, Steve Rogers, wato Captain America, ya tsufa ya miƙa garkuwa. Wanda ake sa ran zai riƙe gidan, Chadwick Boseman na Black Panther, Allah ya yi masa rasuwa a Agustan 2020 yana da shekara 43, bayan ya yi fama da kansar hanji a ɓoye. Wannan babu laifin kowa.

Inda laifin yake shi ne abin da ya biyo baya. A Nuwamban 2019 Disney ta buɗe Disney+, manhajarta ta kallo ta intanet, kuma manhaja ciki ne da ba ya ƙoshi, kullum sai an zuba mata sabo. Sai aka ɗora wa Marvel. Daga WandaVision a Janairun 2021 masu dogon zango suka dinga zuwa kamar ruwan Agusta. Feige da kansa ya faɗa wa 'yan jarida a 2025 cewa daga farko zuwa Endgame labarin duka bai wuce awa 50 ba, amma bayan nan sun fitar da sama da awa 100 a rabin wancan lokacin, ya kuma amsa cewa abin ya yi yawa. Mutum ɗaya da a da yake sa ido a kan fim uku a shekara ya koma yana rarraba hankali gida goma. Masu haɗa hoton kwamfuta suka dinga kukan aikin dare da canje-canjen ƙurarren lokaci, har waɗanda ke aiki a cikin Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago a 2023. Ai kuwa an ga abin a allo, duk wanda ya kalli Ant-Man na uku ya san wasu wuraren kamar ba a gama su ba.

Kallon ma ya koma jinga. Ɗauki The Marvels na Nuwamban 2023. Jarumai uku ne mata. Ɗaya ka san ta daga Captain Marvel. Ta biyu, Monica, sai ka kalli WandaVision za ka san inda ta samo ƙarfinta. Ta uku, Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan, sai ka kalli Ms. Marvel. Wato kafin ka sayi tikitin fim ɗin da bai kai awa biyu ba, ana bin ka bashin kallon kusan awa goma. Ga kuma yajin aikin 'yan wasa da bai ƙare ba sai ana jajibirin fitowarsa, ba su samu sun yi masa talla ba. Ya tashi da kimanin dala miliyan 206, mafi ƙanƙanta a tarihin gidan, alhali kuɗin yin sa ya haura miliyan 250. Ni ban ga ya fi wasu muni ba, yarinyar nan ma ta ba ni dariya. Ya dai zo ne a lokacin da mutane suka daina zubi.

Ana wata ga wata. Bos ɗin da aka shirya zai gaji Thanos shi ne Kang, har an raɗa wa Avengers na gaba sunansa. Fim ɗin da aka gabatar da shi sosai, Ant-Man na uku, ya buɗe da ƙarfi a Fabrairun 2023, mako na biyu cinikinsa a Amurka ya zube da kusan kashi 70 cikin ɗari. A Disambar shekarar kotu a New York ta samu ɗan wasan, Jonathan Majors, da laifin cin zarafin tsohuwar budurwarsa, ranar nan Marvel ta raba gari da shi. Ginshiƙin da aka ɗora ginin shekara biyar a kai ya karye ke nan. Dawowar Downey, da ta 'yan'uwan nan biyu Anthony da Joe Russo da suka ba da umarnin Endgame, cike wannan giɓin ne.

Yanzu bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa, don nan ne mutane ke ruɗewa idan suka ji an ce fim ya ciyo miliyan 400 amma wai ya faɗi. Kuɗin tikiti ba na kamfani ba ne duka. Masu gidajen silima na riƙe kusan rabi, a Chaina ma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke komawa ga mai fim. Sannan ban da kuɗin yin fim akwai na talla, wanda a irin waɗannan manyan yakan kai miliyan 100 ko fiye. Saboda haka fim ɗin da aka kashe wa miliyan 200 sai ya ciyo wajen 500 kafin a ce uwar kuɗi ta dawo. To duba 2025. Captain America: Brave New World ya tsaya wajen miliyan 415. Thunderbolts, wanda masu sharhi suka yaba, kuma ni ma ina ganin ya fi yawancin na bayan Endgame ma'ana, bai kai 400 ba. Fantastic Four: First Steps ya ɗan haura 500. Uku a shekara guda, babu wanda ya kamo cinikin Iron Man na 2008, wanda aka yi da kimanin miliyan 140 a lokacin da tikiti ya fi yanzu araha.

Thunderbolts ne ya fi ba ni tsoro a madadinsu. In fim mara kyau ya faɗi, maganin a fili yake, a gyara aiki. In mai kyau ya faɗi, to mutane ne ba su zo ba tun farko, kuma wannan ciwon ya fi wuyar magani.

Kasuwar waje ma ta juya baya. Endgame ya kwashi sama da dala miliyan 600 a Chaina kaɗai. Daga tsakiyar 2019 zuwa farkon 2023 hukumomin can ba su bar wani fim ɗin Marvel ya shiga silimarsu ba, kuma da aka sake buɗe ƙofa an tarar masu kallo sun saba da nasu na gida. Brave New World bai haɗa ko miliyan 20 a can ba, a shekarar da katun ɗinsu Ne Zha 2 ya tara sama da dala biliyan 2, akasari a cikin gida. Wannan ya yi kama da abin da ka ce na masu dogon zango na Hausa a shagonka.

Za ka ce to ai akwai waɗanda suka yi kasuwa bayan Endgame. Ƙwarai kuwa, amma duba su wane ne a sama. Spider-Man: No Way Home na 2021 ya ciyo kimanin biliyan 1.9, kuma abin da ya sa mutane ihu a silima shi ne fitowar Tobey Maguire da Andrew Garfield, tsofaffin Spider-Man. Deadpool & Wolverine na 2024 ya haura biliyan 1.3, kuma abin sayarwarsa Hugh Jackman ne, wanda ya fara saka faratan ƙarfen nan na Wolverine tun 2000, har an yi masa jana'iza a Logan a 2017. An ce da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma tulun yana da ƙasa. A watan Maris na 2025 Marvel ta yi wani talla da ya nuna halin da ake ciki ƙarara: sama da awa biyar kyamara na tafiya a hankali tana nuna kujerun 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, kowace da suna a bayanta, miliyoyin mutane suna zaune suna jiran kujera ta gaba. Cikin sunayen akwai Patrick Stewart da aka haifa a 1940 da Ian McKellen da aka haifa a 1939, Professor X da Magneto na tsofaffin fina-finan Fox. Downey kansa haihuwar 1965 ne. Manomi ne ya buɗe rumbu ya ɗebo iri ya kai niƙa; bana za a ci tuwo har a ƙoshi, tambayar ita ce me za a shuka in damina ta faɗi.

Saboda haka in ka tambaye ni Avengers: Doomsday, wanda aka tsayar wa 18 ga Disamban 2026, zai yi kasuwa? Ina kyautata zaton zai yi, shi da Secret Wars da aka sa a Disamban 2027. Samarin da suka daina zuwa shagonka za su dawo su tambaye shi, ko don su ga yadda aka yi fuskar Tony Stark ta koma ta mugu. Amma kada cinikinsa ya ruɗe ka. Biki ne na tsofaffin abokai, kuma biki mai tsada, don albashin waɗannan manyan kaɗai ya isa a yi wani fim ɗin sukutum. In za ka auna shi, kada ka dubi makon farko, wannan na 'yan gani-kashe-ni ne. Dubi mako na biyu da na uku, nan ake gane ko wanda ya kalla ya koma gida ya ce wa abokinsa tashi ka je.

Jarrabawar gaskiya tana bayan 2027. A littafin Secret Wars na 2015 duniyoyi ne suke karo da juna suna rushewa, Doom ya tattara ɓaraguzan ya naɗa kansa ubangidan abin da ya rage, a ƙarshe aka sake gina duniya guda. Ka ga wannan labari ne da ke ba kamfani damar share allo ba tare da ya ce ya share ba. Feige ya riga ya faɗi cewa bayansa za a sake zubi, kuma sababbin 'yan wasa ne za su fito a X-Men, an ma ba Jake Schreier, daraktan Thunderbolts, aikin. Nan ne babbar kadarar da ta rage. Disney ta samu X-Men ne cikin cinikin Fox na dala biliyan 71 a 2019, kuma har yau ba ta taɓa su da gaske a silima ba. Labarinsu kuwa, tun da Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙire su a 1963, na matasa ne da suka wayi gari sun bambanta da kowa, iyaye na jin kunyarsu, unguwa na tsoronsu, gwamnati na son ta yi musu rajista. Ba ka buƙatar kallon fim talatin kafin ka gane wannan. In yaron da aka haifa a shekarar da Avengers na farko ya fito, 2012, ya ɗauki sabon Cyclops ko sabuwar Storm a matsayin nasa, ba na yayansa ba, to Marvel ta samu wasu shekara goma. In bai ɗauka ba, za ta koma kamfanin da ke fitar da babban fim jefi-jefi yana rayuwa a kan tsohon suna. Yaran yanzu kuwa hankalinsu ya fi karkata ga abin da suka taso suna bugawa a gem: fim ɗin Super Mario ya haura biliyan 1.3 a 2023, na Minecraft ya doshi biliyan 1 a 2025.

Sauran kadarorin kowanne da nasa ƙulli. Spider-Man shi ne jarumin da bai taɓa rasa kasuwa ba, amma a fim na Sony ne, aro ake ba Marvel bisa yarjejeniyar 2015, har an taɓa ɓatawa a 2019 kafin a shirya. Kaso mafi tsoka na cinikinsa ba Disney yake zuwa ba. Black Panther na uku yana hannun Ryan Coogler, kuma shi ne nake ganin zai fi jan mutanenmu, waɗanda ba su manta cewa na farkon ya leƙo dajin Sambisa ba, na biyun kuma an yi bikin nuna shi a Legas a 2022, ga hannun Tems a waƙarsa. Blade kuwa, da aka sanar tun 2019 da Mahershala Ali, daraktoci sun shiga sun fita, a 2024 aka cire shi daga jadawali.

Abin da ya ba ni ɗan ƙwarin gwiwa shi ne sun rage hannu. Bob Iger, da ya dawo shugabancin Disney a ƙarshen 2022, ya ce a 2024 ba za a wuce fim biyu ko uku da mai dogon zango biyu a shekara ba. Fantastic Four kuma an yi shi ne a wata duniya tasa daban, kana iya shiga ka kalla ko ba ka taɓa jin sunan Thanos ba. Da sauran aiki a wajen kashe kuɗi: muddin kowane fim sai ya ci miliyan 200, to cinikin miliyan 400 zai ci gaba da zama faɗuwa, alhali da an yi shi da 120 riba ce. Kada kuma ka manta Disney ba da tikiti kaɗai take ci ba. Akwai kayan wasan yara, riguna, jakunkunan makaranta, wuraren shaƙatawa irin wanda ta buɗe wa Avengers a Kalifoniya a 2021. Kamfanin da ke sayar da jakar Spider-Man ba zai bar yara su manta da Spider-Man ba.

Maƙwabtansu na DC, kamfanin su Superman, ma zazzaɓin bai bar su ba. Aquaman ya haura biliyan 1.1 a 2018, na biyunsa bai kai rabin haka ba. Joker ya haura biliyan 1, na biyunsa ya tsaya wajen miliyan 200. Sai dai Superman na 2025, wanda James Gunn ya yi, mutumin da ya yi wa Marvel Guardians of the Galaxy kafin ya koma shugabancin DC, ya haura miliyan 600, ya wuce kowanne daga cikin ukun Marvel na shekarar. Ko shi ɗin ma, a 2018 da an kira wannan ciniki matsakaici.

Steven Spielberg ya taɓa cewa a 2015 waɗannan fina-finan za su bi hanyar da na kaboyi suka bi. Tambayi duk wani dattijo da ya yi zamanin silimar Rex ko Palace a Kano, zai ba ka labarin lokacin da samari ke kwaikwayon tafiyar kaboyi da ɗaurin hularsa, kafin Indiya da Chanis su karɓe fage. Ba a daina yin fim ɗin kaboyi ba har gobe, wani lokacin ma a yi mai kyau ya ci kyauta, sai dai babu wanda ke gina jadawalin shekara a kansa. Ina ganin Marvel ba ta kai can ba tukuna, tana dai kan hanyar zama ɗaya daga cikin manya maimakon ita kaɗai tilo.

Kai kuma a shagonka, kada ka goge tsofaffin don neman wuri a kwamfuta. Ka ware Infinity War da Endgame da Fantastic Four na 2025 da X-Men na 2000 da na 2003 wuri guda, don duk wanda zai kalli Doomsday sai ya zo yana tambayar waye wannan tsohon mai keken guragu, kuma me ya haɗa shi da mai hular ƙarfe.